Dabbar da Ila Ya Ƙi Sa wa Ido

Kakana Ila maginin rumbu ne. A zamaninsa, in ka bi ƙauyukan Gangara har ka gangara kwarin Tarka, duk rumbun laka da ka gani da murɗaɗɗiyar igiyar ado a wuyansa, aikinsa ne. Mutum ne mai tsoron Allah, irin tsoron nan da ke hana sukuni. Sai ya gama alwala sarai ya koma ya sake, wai yana shakkar ko ya shafi kunnen hagu. Ni jikarsa ce, saboda haka ina da ikon tsokanarsa, kuma na tsokane shi son raina yana raye. Wannan labari dai yawancinsa daga bakin kakata Hajjo na ji, ita kuwa ba ta rufa wa miji asiri in abin na dariya ne.

Shekaru kamar goma bayan yunwar Kakalaba, lokacin Nasara sun riga sun zauna daram a Tanut, wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya zo Gangara a kan doki ya ce ana neman magini a bariki. A wancan zamani in bariki ta kira, ba a tambayar dalili. Ila ya ɗauki jakarsa. Hajjo ta ɗaura ƙwarya a ka ta bi shi, don tana da ƙanwa a Tanut, kuma ta san in ta bar shi shi kaɗai sai ya manta da cin abinci.

Mai neman nasa wani Nasara ne cikin sojan bariki, dogo, busasshe, wanda mutanen gari ke kira Mai Tangaran. Sunan ya samo asali daga wani farantin tangaran da ya rataye a bangon ɗakinsa, ba ya cin abinci a ciki, sai dai ya zauna yana kallonsa. Ya fito da tafintansa, wani Badamagare mai suna Jibo, ya ɗauki sanda ya ja layi a ƙasa, ɗan nesa kaɗan da ƙofar gidansa, daidai saitin ƙofar. Jibo ya ce nan za a ta da katanga, tsayinta ya ɗara mutum.

Ila ya bi layin da ido har inda ya ƙare. Ya ce, "Daga nan ina za ta karya?"

Jibo ya ce, "Ba ta karyawa."

"To da wane bango za ta haɗu?"

"Ba ta haɗuwa da kowa."

"Ƙohwarta hwa?"

"Ba ta da ƙohwa. Kewaye ta ake yi."

Ila ya ce, "Malam Jibo, don Allah, mi za ta kewaye?"

Jibo ya ce, "Ba komi. Tsayawa kawai za ta yi."

Da Nasara ya ga magini ya daskare, sai ya shiga bayani, Jibo yana juyawa. Wai ya yi shekaru a ƙasar Sin, can gabas da gabas, inda mu ba mu san komai game da ita ba sai sunan da malamai ke ambata in suna son su ce wuri ya yi nisa. A can, manyan gidaje suna da irin wannan katanga a gaban ƙofa ko bayanta. Amfaninta na farko ta tare idon mai wucewa. Wannan Ila ya gane, ai mu ma muna kafa zana bayan zaure. Amfani na biyu ta tare iskoki, domin mutanen can sun ce mugun iska miƙe yake tafiya, ba ya iya karya kwana. In ya doso ƙofa ya ci karo da katanga, sai ya koma inda ya fito.

Nan kan Ila ya fara ɗaurewa. Duk iskan da ya sani a ƙasarmu ta Damargu cikin guguwa yake zuwa, guguwa kuwa ba ta da wata sana'a sai juyi. Ya ce wa Jibo a tambayi Nasara ko iskokin Sin ne za su biyo shi har Tanut, ko kuwa namu ne za su koyi tafiya a miƙe. Jibo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni ba ni hwaɗa mishi wannan. Kai aka kira gini, ba hwatawa ba."

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Sai Nasara ya shiga ɗaki ya fito da farantin, ya riƙe shi da hannu biyu a gaban Ila. A tsakiyarsa akwai wata aba shuɗiya ta nannaɗe kanta, baki buɗe, da ƙaho, da gashin baki mai tsawo, da ƙafafu huɗu masu farata. Ita ake so a fito da ita a fuskar katangar, da laka, ta taso yadda hannu zai iya shafa ta.

Ila ya ce, "Mine ne wannan?"

Jibo ya ce ba ta da suna da Hausa. Nasara ya riƙa nuni da yatsa yana lissafi: kan na raƙumi ne, ƙahon na barewa, kunnen na saniya, jikin na maciji, ɓawon na kifi, faratan na gaggafa. Cikin gajimare da manyan koguna take zama, kuma ita ce mutanen can ke cewa tana kawo ruwan sama. A fadar sarkinsu akwai katangar da ke da guda tara, an yi su da gasasshen yumɓu mai ƙyalli. Jibo ya ƙara daga bakinsa cewa Ila ya gode wa Allah da ɗaya kawai ake so.

Ila bai gode ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san cewa wanda ya ƙera siffar abu mai rai, ranar lahira za a tsayar da shi a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Kakana ko ɗan bijimin laka bai taɓa gina wa ɗiyansa ba saboda wannan. Yanzu ga shi an ce ya gina abin da ya fi ɗan maraƙi girma, kuma ƙin yi yana nufin gardi da igiya. Ba igiyar ce ta fi damunsa ba. Tsayuwar nan ta lahira ce, gaban halitta duka, yana hure-hure ba abin da ke motsi.

Daga bariki bai zarce masauki ba, gidan limamin unguwa ya nufa, wani tsoho Malam Sidi. Ya zube ya kwashe labari duka.

Malam Sidi ya ce, "Allah ya halicce ta?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba."

"To nan maganar take. In halittar Allah ce mai rai, kuma siffar tana da inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, ka shiga uku. In ba halitta ba ce, zane ne kawai, kamar igiyar da kake yi a wuyan rumbu. Tahi ka tambayo."

Ila ya koma ya tambaya. Nasara ya yi dariya ya ce ba wanda ya taɓa ganin ta. Ila ya fara sakin numfashi, sai Nasara ya ɗaga kafaɗa ya ƙara da cewa amma manoman can sun haƙiƙance tana nan, har roƙon ruwa suke mata. Kakana ya fito yana jujjuya maganar. Ba wanda ya taɓa ganin ta, to, shi ma bai taɓa ganin aljani ba, kuma bai isa ya ce babu aljani ba. Ya koma wa Malam Sidi da wannan, Malam ya shafa gemu ya ce lallai lamarin akwai duhu.

Gardi ba ya jiran malamai su gama shafa gemu, sai aka fara aiki. Katangar kanta ba ta ba shi wahala ba. Ya sa aka haƙo ƙasar suri, ya haɗa da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa, aka tattake, aka bar ta ta ruɓe yadda yake yi wa rumbu. Dabbar ce matsala, don Nasara ba ya barin faranti ya fita rana sai ɗan lokaci. Sai Ila ya koma neman gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Ya je kasuwar raƙuma ya tsuguna gaban wani amale yana kallon leɓensa, har mai raƙumin ya zaci maye ne ya kore shi. Ya aro ƙahon barewa wurin maharbi. Ɓawon kifi kuwa, mu mutanen Damargu ina muka san shi? Sai da ya samu wani Babarbare mai sayar da busasshen kifi ya roƙi ɗaya, ya jiƙa, ya zauna yana duba yadda ɓawo ke hawa kan ɓawo.

A nan wani sabon tsoro ya same shi. Ya dawo masauki da yamma ya ƙi taɓa tuwo. Hajjo ta tambaye shi, ya ce, "In ita ba halitta ba ce, ai raƙumi halitta ne. Maciji halitta ne. Kihi halitta ne. Kar in je a ce in hura ma raƙumi, in gama a ce saura saniya, in gama a ce saura barewa."

Hajjo ta ce, "Malam, kan raƙumi ai ba raƙumi ba ne. Ka taɓa ganin kai shi kaɗai shina kiwo?"

Ya ce, "Ban taɓa ba. Amma wannan kan na manne da jiki."

"Jikin wa?"

"Shi ne ban sani ba."

Ta ce in ya gano ya tashe ta, ta janye tuwon ta rufe.

Abin da ya fi ba ni haushi da tausayi a labarin nan shi ne aikin ya yi kyau. Hannun Ila bai san yin aikin banza ba. Jikin dabbar da murɗin igiyar wuyan rumbu ya fito da shi, abin da ya shekara da shekaru yana yi, sai ta tafi tana lanƙwasa a fuskar katanga kamar za ta zame. Ɓawon da bakin sakaina ya danna shi, ɗaya bayan ɗaya. Kan ya yi nauyi, sai ya kafa masa karan dawa daga ciki, daga hanci har saitin ido, don kada ya rufto. Ya shafa farar ƙasa a bayanta, ya samo shuni ya bi jikin. Hajjo ta ce ta sha kai masa fura ta tarar yana waƙa ƙasa-ƙasa yana aiki, da ya hango ta sai ya tsuke fuska ya kama istigfari. Mutane suka fara taruwa kallo. Wata Bafillatana mai tallan nono ta leƙo ta yi ihu ta zubar da rabin ƙwaryarta, dokin gardi kuma ya ƙi bi ta wurin sam.

Ganin abin ya kusa kammala, Malam Sidi ya ba shi mafita ɗaya. Ya ce a rage mata gaɓar da ba za ta rayu ba in babu ita, don siffar da ba ta cika ba hukuncinta da sauƙi. Ila ya ji daɗi har ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya cak. Wace gaɓa? Rago in ka yanke masa wuya ya mutu. Ƙadangare kuwa ka cire masa wutsiya ya tsiro wata. Wannan da ke da kan wani da jikin wani, wa ya san inda ranta yake?

Ya lallaɓi Jibo ya tambayi Nasara. Nasara ya ji tambayar fuskarsa ta washe, a zatonsa magini ya shiga al'adar Sin da zuciya ɗaya. Ya ce ido ne. A can, ido ake sa mata a ƙarshe, kuma da bikinsa, domin sun ce lokacin ne rai ke shiga. Har suna ba da labarin wani mai zane da ya daɗe yana ƙin ɗiga idon, da aka matsa masa ya ɗiga, sai hadari ya taso, dabbar ta fasa bango ta tashi sama. Ya dafa kafaɗar Ila ya ce wannan girma nasa ne, shi zai sa idon da hannunsa ranar da aka yi ruwan farko.

Hajjo ta ce ranar sai da Jibo ya riƙe Ila don kada ya faɗi. Abin da malamai suka ce za a nema daga gare shi a lahira, shi ne wannan bawan Allah ke cewa ya yi a Tanut, a gaban jama'a, wai kuma girmamawa ce. Amma da ya natsu sai ya ga wata 'yar ƙofa. In rai a ido yake, to ba zai sa ido ba. Ya bar ramuka biyu a fuskar, ya ruga ya gaya wa Malam Sidi. Malam ya ce, "To, makahon jaki dai shina rayuwa. Amma ita wannan ba jaki ba ce. Allah shi ne masani." Ni dai har yau ina jin haushin tsohon nan. Da ya ce eh ko a'a, da ya hutar da mutum.

Daga nan Ila ya koma ja da lokaci. Duk sanda Nasara ya tambaya sai ya ƙwanƙwasa katanga ya kara kunne ya ce cikinta bai bushe ba, shi da bai saba ƙarya ba, sai gumi. Allah ya taimake shi, kafin hadari ya fara haɗuwa aka ɗauke Nasara zuwa arewa. Ranar tafiya ya daɗe tsaye gaban katangar, ya sa yatsa cikin ramukan idon, ya yi wata magana da Jibo bai juya ba. Ya ba Ila hannu, ya naɗe farantinsa cikin bargo, ya hau raƙumi. Hajjo ta ce ta tausaya masa, don ya yi kama da wanda ya baro wani nasa a can Sin.

Suka koma Gangara. Da aka fita roƙon ruwa, Ila yana sahun gaba, kuma ba wanda ya kai shi naci, sai dai shi da tasa manufar. So yake ruwa ya narkar da katangar ya huta. Ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, dawa da gero suka yi kyau, bangaye suka zube a Tanut, katangar Ila ko gezau. Ya zauna yana ƙunƙuni, Hajjo ta ce, "Kai ka kwaɓa ƙasar, da wa za ka yi hwaɗa?" Ya so ya je ya rushe ta, amma katangar bariki ce, taɓa ta jawo wa kai ɗauri ne. Haka ya zauna, duk wanda ya fito Tanut sai ya tare shi da tambaya, amsar kuma ɗaya ce, tana nan.

Bayan 'yan shekaru, wata rana da hantsi, Rissa, wani Buzu mai raƙuma da ke sayen gero wurinmu, ya sauka ƙofar gida. Ko gama gaisuwa bai yi ba ya ce, "Ila, dabbarka ta yi ido."

Kakana bai ko ɗauki sanda ba, ya kama hanya. Hajjo ta bi shi da goran ruwa. Suka isa Tanut washegari rana tsaka, suka tarar gidan Mai Tangaran ya zama wurin ajiyar hatsi, gardin da ke tsaronsa yana gyangyaɗi a inuwa. Shunin ya koɗe, ƙaho ɗaya ya gutsure, amma ga ta nan. Kuma gaskiyar Rissa ce. Ramukan nan biyu sun cika da dunƙulen jar laka, kewayayyu, an shafe su sumul, sun ɗan turo waje. Tana kallonsu.

Hajjo ce ta matsa ta duba da kyau. Ta ce, "Malam, zanzaro ne."

Zanzaro ne kuwa, wannan ƙwaro mai siririn ƙugu da ke ɗebo laka ya gina ɗaki ya rufe ɗiyansa ciki. Ya samu ramuka a inuwa, ya yi aikinsa na magini. Ila ya tsaya yana motsa baki. In ido ne ke cika ta, ta cika. In wanda ya sa ido za a kama, ba shi ya sa ba. Amma wa ya haƙa ramin? Kuma za a tsayar da zanzaro ranar lahira a ce ya hura? Ya juya zai nufi gidan Malam Sidi, Hajjo ta tuna masa Malam ya rasu tun bara.

Ila ya ce, "Abin da za a ce in yi can, bari in gwada nan, in san matsayina."

Ta ce, "Malam, mutane na kallo."

Ya ce, "Can ma za su kalla."

Ya taka gindin katangar, ya kama ƙahon da ya rage, ya kafa baki a hancin dabbar, ya cika ƙirji, ya hura. Karan dawan nan da ya kafa a cikin kan, gara ta daɗe da cinye shi, ta bar hanya daga hanci har ido. Ƙura ta yi fuu ta gefen idon dama, lakar ta tsage, wani ɗan zanzaro ya turo kai. Ya fito ya tsaya a kan kuncin dabbar yana karkaɗa fukafukai, sannan ya tashi. Ya bi fuskar katangar har ƙarshenta, ya karya kwana sarai, ya shige ƙofar gidan.

Ila ya sauko da ƙura a gemu. Ya ce, "Hajjo, wannan ya isa, ko kuwa shi ne laihin?"

Kakata ta kakkaɓe masa ƙurar gemu. Ta miƙa masa goran ruwa, suka kama hanyar Gangara.

Ni na taso na tarar ba a fasa gidan zanzaro a gidanmu, ko a kan tabarmar salla ya gina. In na ɗauki tsinke don in tsokane shi, sai kakana ya daka mini tsawa ya ce in bar abokin aikinsa. Na sha ce masa, "Tsohon mijina, in ka mutu ka aiko mini da amsa," sai ya yi murmushi ya ce ba ni da kunya. A ciwonsa na ƙarshe, ina zaune ina masa fifita, ya kama hannuna ya ce, kamar mai bita kafin shiga gaban alƙali, "In an tambaye ni, ba ni yin gardama. Sai in ce na hura sau ɗaya, iyakar ƙarhina, abin da ya hito ke nan."

Na buɗe baki zan tsokane shi yadda na saba, sai kuka ya riga ni.